Fulogin Kawu

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ciwon ƙafar? Ki gaida Yaya da yaranta. Direban motar siminti zan ba wannan takarda, don waya ba ta shiga a nan sai an hau bene na huɗu, kuma ba a barin kowa ya hau idan an tashi daga aiki.

Yau kwanana ashirin da uku. An zagaye wurin da kwano, ƙofa ɗaya ce tak. Ɗakina kwantena ce, tagarta na kallon tulin bulo. Aikina kuwa, kowace safiya in duba injina, in sa hannu cewa injin lafiya yake, mai riƙe shi ma lafiya. Leburori har sun sa mini suna 'Yar Takarda.

Umma, da kin ga Kawu da injin yankan kankarensa. Nauyinsa kilo goma, faifansa na juyawa sau dubu huɗu da ɗari bakwai a minti. Wasu a tsaye suke fizgar igiya, don a ce su gwanaye ne. Kawu sai ya ajiye shi ƙasa, ya take mariƙin baya da ƙafa, ya ja cok, wato abin da ke rage wa inji iska, ya ja igiya. Da injin ya yi tari sai ya mayar da cok, ja na biyu ya tashi. Ba ya taɓa kankare sai ya buɗe ruwan da ke kwantar da ƙura. Abin da na karanta shekara biyar, a hannunsa yake.

To amma ranar Asabar injin ya mutu yana tsakiyar yanka. Irin wannan inji sai an gauraya masa fetur da man inji: mililita ɗari na mai a lita biyar na fetur. Bakanike ya buɗe, ya ce zallar fetur aka zuba, fistin da ke cikin injin ya ƙone. Ya ce, "Kawu, kai da kake koya mana?" Kawu ya ce, "Kai dai gyara, ba wa'azi aka kira ka ba."

Abin da ke damuna shi ne, da ma akwai wata tsohuwar jarka lotsattsiya da Kawu ke haɗa mai a ciki. Tana yoyo ta murfi, sai na jefar da ita. Na karɓo sababbi biyu iri ɗaya daga sito, na rubuta GAURAYE a jikin ɗaya, ZALLA a jikin ɗayar, da manyan baƙaƙe. Na sake dubawa sau uku, ban rubuta a juye ba.

Oga yana son rahoto. Shi ne kuwa wanda Kawu ya ce wa, "Ɗauke ta, ni na tsaya mata." Ban san abin da zan rubuta ba.

Ki sa ni a addu'a. Taki,
Auta

*

Alhamis, 6 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi, sai dai ita ma ta tsufa kamar mai ita.

Ke dai tun kina ƙarama haka kike, in aka ce ki share ɗaki sai kin ƙirga tsinken tsintsiya. Inji ya mutu, sai me? Ƙarfe ne, an gyara. Shekara talatin da ɗaya Kawunki yana riƙe da abin nan, yatsunsa goma cif. Ranar da aka haife ki ma daga wurin aiki ya zo asibiti, fari fat da ƙura, har ungozoma ta kore shi.

Ki rubuta wa ogan naku cewa inji ya gaji. Ba ƙarya kika yi ba, kowa ya gaji.

Sannan ki je inda kika jefar da jarkar nan ki ɗauko masa abarsa. In ba ki same ta ba, ki ɗauki dutse ki lotsa ɗaya daga cikin sababbin, ta gaurayen, kusa da mariƙi. Kada ki tambaye ni dalili, ki yi kawai.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

*

Lahadi, 9 ga wata

Ummata,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode. Ina gaishe ki da kyau.

Na lotsa jarkar kamar yadda kika ce. Washegari Kawu ya zo ɗaukar mai. Bai dubi rubutun ba ko kaɗan. Ya shafa ta farko, ya shafa ta biyu, yatsansa ya faɗa cikin lotsin, sai ya ɗauka. Umma, ya aka yi kika san a kusa da mariƙi tsohuwar take lotse?

Daga nan na fara lura. Idan magini ya ja masa layi da alli, sai ya bi layin da yatsa tukuna, ya ɗora katako a gefe, katakon yake bi ba allin ba. Faifai kuwa da hannu yake duba shi, ya shafa gefensa kaf. Ko tsagewa kamar gashi ce zai gano ta. Amma akwai abin da yatsa ba ya karantawa. Kowane faifai an rubuta masa iyakar gudun da zai iya jurewa. Idan inji ya fi shi gudu, yana iya tarwatsewa, gutsattsarinsa su tashi kamar harsashi.

Na yi abin da nake jin kunyarsa. Na ɗauko faifan babban inji daga sito, mai lamba dubu uku da ɗari takwas, wanda bai kai gudun injin Kawu ba, na miƙa masa na ce, "Kawu, duba mini lambar nan, ta yi daidai da naka?" Ya kai shi kusa da fuska, ya ɗan jima, ya ce, "Daidai ne, 'Yar Takarda. Ke komai sai lamba." Ya ɗauki sifana zai ɗaura. Na ce au, mai sito ta ce in mayar. Na karɓe faifan na mayar.

Tun ranar ban bar gefensa ba. Ni nake zaɓo faifai, ni nake duba kibiyar da ke nuna inda zai juya, ni nake cewa "tsaya" idan wani ya gitta. Akwai injina goma sha huɗu da ya kamata in duba, ɗaya nake gadi. Jiya na je shan ruwa, minti huɗu kacal. Na dawo na tarar saman faifan ya kusa taɓa rodi a bango. Idan saman faifai ya kama abu, injin baya yake yin tsalle, zuwa fuskar mai shi. Na yi ihu. Ya saki maƙunnin, ya ce, "Na gani ai." Bai gani ba, Umma.

Kowace safiya ina sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Idan na rubuta gaskiya, na raba ɗan'uwanki da aikinsa, a wurin da shi ya shigo da ni. Idan na yi shiru, wata rana zan je shan ruwa. Oga ya ba ni zuwa Alhamis.

Don Allah ki gaya mini abin da kika sani.
Auta

*

Talata, 11 ga wata

'Yata,

Na karanta takardarki sau biyu, na biyun a zaune.

Shekara guda ke nan da na sani. Yanar ido ce ta rufe masa idanu, na dama ya fi tsanani. Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce aiki ne ƙarami, a cire, ya huta 'yan makonni. Muna fitowa ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yanka duwatsu! Kuma wai in ya tafi, kafin ya dawo an ba wani injin. Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba.

Ga wadda ta fi nauyi. Lokacin da kika gama karatu, kamfani biyu suka kira ki. Ni na ce ki bi Kawunki. Mun zauna ni da shi a kan tabarmar nan, ya ce, "Auta ba ta barin komai ya wuce ta. In tana kusa, ina da ido." Na ga kamar dabara ce mai kyau, na rufa masa asiri, ke kuma kin samu aiki. Ban yi tunanin sa hannun nan naki ba. Ban san ruwa ma ba za ki iya sha ba.

Ba zan ce ki yi kaza ba. Bakina ya riga ya yi ɓarna sau ɗaya. Shi yayana ne, ke kuma ni na haife ki. Ki yafe mini.

Ummanki

*

Alhamis, 13 ga wata

Umma,

Ina gaisuwa. Babu komai tsakanina da ke.

Yau ban sa hannu ba. Da safe, kafin Kawu ya iso, na kwance fulogin injin na sa a aljihu. Ba fulogi, ba wuta, inji ba zai tashi ba.

Ya zo, ya shafa jarka, ya zuba mai, ya matsa nesa da wurin kamar kullum, ya ajiye injin ƙasa. Ya ja igiya. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Leburori suna ta tsiya: "Kawu, yau amaryar ta yi yaji!" Ina tsaye taku biyu daga gare shi, rahoton a hannuna. Na ce, "Kawu, fulogin yana wurina. Ga kuma abin da na rubuta, zan karanta maka kafin in kai." Layi uku ne: ni na canja jarkoki; idanun mai injin ba sa iya karanta rubutu ko lamba; ina roƙon a ba shi hutun jinya, a ajiye masa gurbinsa.

Ya goge hannunsa a wando, ya karɓi takardar, ya wuce ofishin Oga da ita. Ya buge ganga a hanya, ba wanda ya yi dariya. Har aka tashi ban sake ganinsa ba. Ban sani ba ko zai ƙara amsa gaisuwata.

Auta

*

Asabar, 15 ga wata

'Yar Takarda,

Direba ne ke rubutawa, ni nake faɗa. In kin ga kuskure, nasa ne.

Ina gidan uwarki. Litinin za a yi mini aikin idon dama. Oga ya ba ni hutun wata biyu, bayan nan bai yi alkawari ba.

Wanda za a ba injin, kada ki bari ya tashe shi a tsaye. A kakkaɓe matatar iska kullum, a duba bel ɗin da ke juya faifai. Idan ya ce ruwa na ɓata masa lokaci, ki karɓe injin.

Ja na farko na gane babu fulogi. Igiya ba ta da nauyi a hannu, kina zaton ba zan ji ba? Sauran goman na ja ne don in ba ki lokaci ki mayar da shi. Ba ki mayar ba. To.

Ban gama fushi ba tukuna. Amma fulogin nawa ne, ni na gyara bakinsa da hannuna. A sa wa injin wani fulogin daban. Wannan ki naɗe shi a tsumma ki ajiye, zan zo in karɓa, in kuma karanta lambar da ke jikinsa da kaina.

Kawunki