Kwamfutarku Ta Yi wa Dattawanmu Kaɗan

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera ƙaramar kwamfutar ƙungiyarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya, kai da iyali da injiniyoyinka waɗanda ba sa ganin abu su bar shi da girmansa. Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, amma aikin hannunka ya sa yau mako biyu ba na iya ɗaga kai a majalisar ƙauyenmu.

Sunana Ummaru, magatakardan ƙungiyar manoman gero da dawa a wani ƙauye kusa da Gangara, cikin ƙasar Sabon Birni. Tsohuwar kwamfutarmu, wata ƙatuwa da sai an rungume ta ake ɗagawa, ta mutu a tsakiyar damina. Da kaka ta yi, kowane gida ya kawo damin gero, aka sayar, aka aike ni Sakkwato in sayo sabuwa. Mai shago ya rantse mini cewa taku ta fi tsohuwar gudu nesa ba kusa ba. Na yarda, na jefa ta a aljihun riga, na hau mota.

Sai a hanya hankalina ya dawo jikina. Mutanenmu da ido da hannu suke auna kaya. Shugabanmu Baba Nomau ko buhun taki aka kawo, sai ya ɗaga shi ya jijjiga kafin ya ce an gode. Ta yaya zan ajiye wa mutanen da suka cika amalanke da gero abin da bai kai kwanon sha ba?

A nan na tafka tawa wautar, kuma ba zan ɓoye ba. Na kwashe kayan cikin tsohuwar, na kai akwatinta garin Isa aka feshe shi da baƙin fenti. Na kunna taku, na zaunar da ita a ciki, na fito da wayoyi ta baya, na ƙara rabin bulo don nauyi, na ɗaure murfi tam. Ranar da aka zo ganin kaya, Baba Nomau ya ɗaga ya yi nishi, ya ce, "Madalla Ummaru, wagga ta yi nauyi. Hatsinmu bai tahi banza ba." Aka shafa fatiha, na koma gida ina jin kaina wani gwani.

To ga ƙorafina.

Na ɗaya, zafi. Kun matse komai wuri guda, kun bar mata 'yar fanka da 'yan ramukan shan iska, ba wanda ya gaya mini haka. Na san ni na rufe ta a akwati, amma ko yanzu da take a fili, rana na take tsaka sai ta hau haki. Ranar rubuta sunayen masu noman rani, layi har bakin masallaci, ta ɗauke ɗif.

Na biyu, kuma shi ne ya kashe ni: wane ne a cikinku ya ba da shawarar a sa maɓallin kunnawa a ƙarƙashinta? Tsohuwar ko da babban yatsan ƙafa ina kunna ta. Wannan sai an ɗaga ta an lalubo gindinta. Na danna duk abin da ke dannuwa daga waje, shiru. Dole na kwance murfi a gaban jama'a. Baba Nomau ya leƙa, ya ga rabin bulo, ya ga 'yar abarku a lungu kamar kaza a rumbun da aka kwashe. Ya juyo gare ni ya ce, "Ummaru, ina hanjin kwamfutarmu? Mi kay yi da shi? Bulo munka aike ka saye?" Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na uku, kun hana ni wanke kaina. Na kai ta wurin mai gyara a Isa, Baba Nomau na biye da ni, don a buɗe a nuna masa komai na ciki. Mai gyara ya juya ta ya ce a liƙe take, ba a ƙara mata komai, ba a cire mata komai, in ya matsa sai ta fashe. Baba ya gyaɗa kai, wato a ganinsa har da mai gyaran muka haɗa baki. Ga kuma kafofin sa waya guda uku kacal, firinta da filashi sai dai su yi karɓa-karɓa.

Ba zan ci haƙƙinku ba. Faifan sola ɗaya ya ishe ta, mun huta da hayaniyar janareta. Makon jiya da aka ce an ga 'yan bindiga ta wajen Gatawa, kowa ya tattara ya nufi gari, na fita da sunayen manomanmu kaf a aljihu. Tsohuwar da a nan za mu bar ta. Na faɗi wannan a majalisa, aka ce to, amma ina hanjin?

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, za a zauna a yanke ko za a karɓe mabuɗin ofis daga hannuna. Don haka ina roƙonka, don girman Allah, ka aiko da takarda mai hatimi, da Hausa, in da hali ma da ajami don Baba ya karanta da kansa, ka shaida cewa iyakarta ke nan, ba a zare mata ko tsinke ba. Sannan ku dawo da maɓallin nan gaba, inda mutum zai gan shi. In kuma kun ƙudurta ci gaba da ƙanƙantawa, ku riƙa haɗa mana da babban gida mai tagogi, mu dai a ga kaya.

Mabuɗin ba shi ke mini ciwo ba. Baba Nomau shi ya raɗa mini suna. Jiya na durƙusa na gaishe shi a bakin kasuwa, ya amsa a taƙaice, bai ko tambaye ni mutanen gida ba.

Allah ya ƙara maka basira, ya yi wa kasuwarka albarka, ya tsare ka daga kwance murfi a gaban dattawanku.

Wassalam.

Naka mai jiran takarda,
Ummaru, magatakarda zuwa Juma'a.