Sun ƙwace maganin mijina suna ba uwarsa mai cutar kansa

Assalamu alaikum 'yan group. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mijina yana da lalurar taɓin hankali tun kafin aurenmu, amma da yake yana shan ƙwayoyin da asibiti ke ba shi duk wata, lafiya lau yake sayar da hatsinsa a kasuwar Babura, in ba faɗa maka aka yi ba ba za ka sani ba. To bara aka gano Hajiya, mahaifiyarsu, tana da kansar mama, har ta ci jiki.

Sai wan mijina, ma'aikaci ne a Kazaure, ya ga wani bidiyo a waya wai ana binciken irin maganin mijina ko zai kashe cutar kansa. Ana bincike fa aka ce, shi kuma ya ji an gano. Ya je kemis suka hana shi sai da takardar likita, sai ya zo har ɗakina ya kwashe na ƙaninsa. Na ce Yaya a tambayi likita mana, ya ce yaushe na zama nas. Mijina ya sunkuyar da kai, wa zai ce ya fi uwarsa buƙata?

Na roƙi Yaya ina kuka, ya kalle ni ya ce, "Hauka ba ya kisa. In ya tashi a ɗaure shi, uwa kuwa ba a sake ta."

Yanzu mijina ya daina zuwa kasuwa, yana surutu shi kaɗai, sun kulle shi a ɗakin zaure. Hajiya kuma sai barci, hannu na rawa, miyau na zuba, su kuma suna murna wai magani ya kama. Na tambayi likitan mijina a ɓoye, ya ce abin bai wuce gwaji ba, a daina ba ta, a kawo su duka biyu. Da Yaya ya ji, ya ce in Hajiya ta mutu ni na kashe ta, kuma zan bar gidan. Wallahi na tsane shi.

Hajiya ba ta san maganin wa take sha ba. Kullum tana sa wa Yaya albarka, tana cewa autanta, wato mijina, ya yi watsi da ita don ta kwanta. Ni nake ba ta maganin a baki.

In faɗa mata gaskiya tana wannan hali, ko in bar ta ta tafi tana fushi da shi? Me zan yi?