Salbiyar surukata da furannin roba

Mama Glenys, kina can Hervey Bay kina shan hantsi a bakin teku, ni kin bar ni a Ballarat da wannan jidali. Yi haƙuri Anti, ba da ke nake ba, da uwar mijina nake. Don Allah ki taimake ni kafin Lahadi.

Duk shekara in Yuni ya kama, sanyinmu na nan ya shigo, sai ta ja motarta mai ɗaki a baya ta gudu arewa inda ake ɗumi, ba a ganinta sai sanyi ya wuce. Bana da za ta tafi ta damƙa min salbiyarta guda bakwai, irin masu tashi kamar ƙaramar bishiya da jajayen furanni. Shekararsu sha biyu a bakin katangarta. Kowacce da sunanta, Anti. Yarana uku ne, har yau sai ta kira wannan da sunan wancan, amma salbiya ba ta taɓa ruɗewa.

To a Yuli raɓa ta daskare kwana huɗu a jere, na je na tarar duk sun yi baƙi kamar burodin da aka manta a wuta. Na ce wa mijina Col sun mutu. Shi kuma da ma neman dalili yake, ya ɗauko injin yankan ciyawa. Kafin in fito daga banɗaki ya aske uku ƙwal. Sauran huɗun na sa musu tsofaffin rigunan ƙwallonsa, ina ba su ruwan ɗumi daga butar shayi safe da yamma. Ba su gode ba.

Sai Mama ta ce in tura mata hoto. Ni dai na rasa ta yi, na shiga shagon kayan arha na kwaso furannin roba jajaye, na ɗaɗɗaura, na soka wasu a inda aka aske. Wallahi sun yi kyau. Har tsuntsun nan mai shan zumar fure ya zo, ya caka baki sau uku, ya juyo ya harare ni.

Yanzu ta rubuto wai ba ta taɓa ganin salbiya ta yi fure a Agusta a Ballarat ba, wai hannuna na da albarka. Shekara sha shida ina auren ɗanta, wannan ne yabo na farko. Kuma wai ta gaya wa matan ƙungiyar lambu su zo su gani, kowa ta yanki reshe ta dasa. Ita kuma ta katse hutunta, Lahadi za ta iso. Col ya ce mu ɗora wa zomaye laifin. Anti, in tumɓuke ne in sayo sababbi? Ko in ce

Ina gidanta yanzu, ga shi ana buga ƙofa. Na leƙa, mata biyu ne da almakashi. Bari in tura haka

Uwar Uku, Ballarat

Uwar Uku,

Kada ki tumɓuke komai. Ki kankare reshe ɗaya da farce. In kika ga kore a ciki, tana da rai, kuma ina kyautata zaton huɗun nan lafiyarsu lau. Baƙin saman da ya tsorata ki shi ne bargonsu, ana barinsa har sanyi ya gama wucewa. A garinku ki jira ƙarshen Satumba, sai kin ga sabon toho. Sannan ki rage kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu, ki yanka daidai saman toho, kada ki gangara cikin tsohon itace.

Ki cire rigunan, ki mai da buta kicin. Jiƙewar saiwa ta fi sanyi kashe salbiya. Ruwa sai ƙasa ta bushe, ɗan taki kaɗan bayan aski, da busasshen ganyen rake a kewaye, ban da jikin gindin.

Ukun da Col ya aske, ba zan yi miki alkawari ba. Wata kan toho daga ƙasa, wata ba ta dawowa. Ki ba su mako shida. In shiru, ki yanki rassa daga 'yan uwansu ki dasa, suna kamawa da sauƙi. Col ne zai yi haƙan, ba zomaye ba.

Surukarki tana da nata laifin, ta bar miki amana ba ta bar miki bayani ba. Ke kuma kin yi ƙarya. Na duba hoton da kika haɗo: takardar farashin shago tana rataye a fure na uku daga hagu. Ni da tabarau na gan ta, balle mai salbiyar. Ta sani, 'yar uwa, kuma masu almakashin nan aikenta ne. Ki kira ta yau ki faɗa da bakinki, ki bar ta ta yi dariyarta ta ƙoshi. Allah ya ba da sa'a, ya tsare sauran huɗun daga Col.

Anti Lorraine