Awon da Na Shigar Ranar Talata

Kubwa, Abuja

Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, sai yawan aiki.

Kin san aikina, likitoci su ba ni awon ƙarin ciwon daji, in lissafa saurin girmansa da yadda magani zai ci shi. Ranar Talata na shigar da wani awo a kwamfuta har sau uku. Oga ya leƙo ya ce, "Rumasa'u, wannan ƙarin gudu yake, na wace ce?" Yaya, na nonona ne.

Lissafin ya nuna akwai damar warkewa in an fara magani watan nan. Litinin za a fara. Don Allah ki zo, amma kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanwarki,
Rumasa'u