Kifayen robana a hannun Awudu

Unguwar Nima, Lahadi da dare.

Awudu, ƙanin matata, ya dawo mini da kifayen roban da nake sa wa ƙugiya, waɗanda ya ara zai je kamun kifi tafkin Weija. Allah ya isa.

Tun bara nake lallaɓa su. In na dawo daga teku sai in wanke gishirin da ruwan famfo, in shanya su a inuwa, in ɗiga musu man kwakwa, kowane launi da kwalbarsa. Wanda kifi ya yaga, da wuƙa mai zafi nake liƙe shi.

Shi kuwa gogan ya tattara su cikin baƙar leda, ya jefa bakin gilashin trotro ɗinsa, motar hayar da yake ja, suka wuni cikin rana a tashar Circle. Sun narke sun zama dunƙule guda, kamar malmalar tuwon banku.

Da na nuna masa, dariya ya yi. Wai, "Haba Yaya, ai roba ce kawai!" Matata Hajara kuma, da yake ɗan'uwanta ne, wai in yi haƙuri.

Ban yar da dunƙulen ba. Gobe zai zo cin abincin dare kamar kullum. Shi zai tarar a kwanonsa, har da miya.