Tsohuwa Ta Ƙi Tashi

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Ba zan zo ba, an soke hutuna. Ka tuna Tsohuwa, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ma'aikatarmu? Shekara tara ba a taɓa kashe ta ba. Na faɗa wa sabon manaja har bakina ya gaji: faifan da ya daɗe yana juyawa, in ya tsaya ya huce, da wuya ya sake tashi. A kwashe bayanan tukuna. Ya ce za a yi baƙi, a kashe ta a share ƙura. Ƙura fa, Yaya!

Aka kashe, aka share, aka kunna, shiru. Faifai uku sun mutu. Wai kuma ni ne ban kula da ita ba, ni da nake gane lafiyarta daga ƙarar fankarta!

Ka ce wa Inna aiki ne ya yi yawa. Lafiyata lau, sanyin ɗakin ne kawai yake ɗan kama mini ƙirji. Ku sa ni a addu'a.

Ita shekara tara ta yi ba hutu. Ni na shiga ta bakwai.

Ƙaninka.