Ke, Zo Ki Ɗanɗana

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin rahamar Ubangiji. Idan kin tambayi lafiyata, lafiya lau nake a nan Parkchester, unguwarmu ta Bronx a Amurka, aiki na tafiya, sai dai kewa.

Da kina raye da na ce ki nemi wuri ki zauna tukuna, domin labarin ba na tsaye ba ne. Inna, 'yarki ta shiga mashaya. Da ƙafata na shiga, da mayafina. Na san masu leƙa wasiƙar nan ta bayan kafaɗata sun fara salati, to su yi haƙuri su kai ƙarshe. Ban sha abin da Allah Ya hana ba, wallahi ko ɗigo.

Bari in fara da abin da kika sani. Tun da kika rasu, shekara huɗu ke nan, nake neman ɗanɗanon zobonki ban same shi ba. Ban samu zuwa jana'izarki ba saboda takarduna ba su fito ba a lokacin, kuma ba ni da komai naki a ƙasar nan, ko ɗankwali. Sai na ɗora wa kaina cewa in na iya dafa zobo irin naki, to na riƙe wani abu naki. Na sayi busasshen zobo a shagon 'yan Gana, na sayi na 'yan Senegal, na sa citta, na sa kanumfari, na sa ɓawon abarba. Na bi matan da ke koyarwa a waya har na gaji da muryoyinsu. Kowane na dafa sai ya fito zobo dai, amma ba naki ba. Na zubar da tukunya ta fi a ƙirga.

Abin haushin shi ne ban taɓa tambayarki yadda kike yi ba. Ta ina ma zan fara? Ni ce 'yar fari, ke kuwa Bazazzagiya ce ta ainihi, kunyar ɗan fari a jininki take. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ba ki taɓa yi mini kitso ba, gidan Gwaggo ake tura ni. Rabi ƙanwata tana hawa cinyarki ta yi ta zuba miki shagwaɓa, ni kuwa in na shigo ɗaki sai ki gyara ɗankwali ki kau da kai. Manya sun ce al'ada ce, na kuma yarda, amma yarinya 'yar shekara tara ba ta san al'ada ba. Abin ya ci ni a rai, Inna, yau na faɗa miki.

Wuri ɗaya kawai kike nemana. In kin tace zobon a babbar robar nan shuɗiya, sai ki ɗaga murya ba tare da kin waiwayo ba, ki ce, "Ke, zo ki ɗanɗana." In zo in tsaya, ki miƙo mini ludayi, ki ce, "Me ya rage?" In ce sukari, ko citta, ko in ce tsami ya yi yawa. Sai ki juya mini baya, ki kai hannu wajen 'yan kwanoninki, ki motsa, ki sake miƙo mini. In na ce ya yi, shi ke nan, in koma wasana. Duk Tudun Wada an san zobonki a suna da biki, ni kuma abin da na sani game da shi ke nan.

To, ga yadda aka yi na shiga mashayar. Akwai wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi, Paulette, 'yar Jamaika, dattijuwa mai kirki. Za ta yi ritaya, abokan aiki suka shirya mata 'yar walima a wani ƙaramin wuri a unguwar Lower East Side da ke Manhattan. Na so in zille, ta rantse in ban zo ba ba za ta sake gaishe ni ba. Ta ce wurin suna haɗa abin sha marar giya, kuma ƙarfe shida za a taru, rana na sama. Ranar ba ni da aiki, sai na hau jirgin ƙasa mai lamba shida na gangara ni kaɗai.

Unguwar, Inna, kamar ranar kasuwa. Gidajen shan giya a jere, kiɗa na fitowa ta kowace ƙofa, samari da 'yan mata sun cika titi tun kafin rana ta faɗi. Ni ba su ne damuwata ba, motocin haya ne. Duk wadda ta rage gudu sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, wani direba Bahaushe ɗan Zangon Gana ne daga unguwar Morris Heights, kafin in koma gida duk Bronx ta ji an ga Hajiya a ƙofar mashaya. Sau uku ina wuce ƙofar kamar mai neman wani gida. Ƙofar ma ko allon suna babu, 'yar siririya, a matse tsakanin wasu shaguna biyu.

Da na shiga sai na ga ɗakin bai fi zaurenmu girma ba. Doguwar kanta ɗaya, kujeru masu dogayen ƙafafu kamar goma sha biyu, fitilu a dushe. Mutanenmu kuwa babu ko ɗaya. Saƙo ya shigo wayata cewa an riƙe su a wajen aiki, sai nan da awa guda. Na ɗare kujerar ƙarshe ta jikin bango da ƙyar, na rungume jakata. Kowa a wurin da nasa, bibbiyu, suna hira suna dariya. Na daɗe a garin nan ina cin abinci ni kaɗai, ina yin Sallah ni kaɗai, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na kan kujerar nan ba.

Mai haɗa abin shan mace ce, Baturiya, hannayenta duk zane irin wanda ba ya goguwa. Na zuba mata ido don ba ni da wurin kallo. Komai sai ta auna da wani ɗan ma'aunin ƙarfe da bai fi murfin kwalba ba, ta zuba a gwangwani da ƙanƙara, ta girgiza kamar mai jin haushinsa. Na ce a raina, da Inna ta ga wannan da ta yi dariya, ke da tafin hannu ne ma'auninki.

Ta matso ta tambaye ni abin da nake so. Na gaya mata ba na shan giya, a shirye nake ta yi mini kallon me ya kawo ki. Ko a jikinta. Ta ɗauko wata kwalba da ta ce ita ta dafa abin ciki da safe, ta buɗe ta miƙo mini in sansana. Inna, zobo ne. Zobo a tsakiyar Manhattan, a hannun Baturiya mai zane! Har da citta da kanumfari.

Ta auna, ta girgiza, amma ba ta juye a kofi ba. Ta tsoma ɗan bututun zuƙa a ciki, ta toshe samansa da yatsa, ta ɗiga a harshenta. Sai ta ɗiba a ƙaramin cokali ta miƙo mini ta saman kantar, ta tambaye ni, da Turancinta, me ya rage.

Ban san lokacin da na amsa da Hausa ba. Na ce tsami ya yi yawa. Ta tsaya tana kallona, ni kuma hawaye kawai, shaa, kamar an buɗe famfo. Shekara nawa rabon da wani ya miƙo mini cokali ya jira abin da zan ce? A take na ga ɗan farin kwanon nan naki mai baƙin baki, wanda kike jiƙa kanwa a ciki, a gefen randa. Duk dafuwar da na yi ban tuna da shi ba.

Na share fuska na yi mata bayanin kanwa iya iyawata. Ba ta da ita, amma ta shiga ciki ta ɗauko bekin soda, wani farin gari mai aiki irin na kanwa, ta ɗan barbaɗa. Ya yi 'yar kumfa, launinsa ya ƙara duhu kamar naki. Na sha. Ya kusa, Inna, ya kusa ƙwarai, amma bai kai ba. Da su Paulette suka iso na rungume ta, na yi mata fatan alheri, na fito kafin magariba.

Da safe na kira Rabi, na ce na gano sirrin, kanwa ce, ta gaya mini nawa kike sawa. Ta yi dariya har na ji haushi. Ta ce kanwa ai tun a kan wuta kike sa ta, kowa ya sani. Ta ce ita da ke zaune a gabanki tana ganin hannunki. In na ce abu ya rage kika juya mini baya, yawanci ba kya ƙara komai. Hannu kawai kike kaiwa wajen kwanonin, ki motsa da ludayi, ki sake miƙo mini, ni kuma in ce yanzu ya yi.

Sannan ta daina dariya. Ta ce bayan na taho Amurka sau biyu kika dafa, kika kife robar. An yi ta aiko miki da roƙo lokacin suna da biki kina ba da haƙuri. Ita Rabin ta ce ta iya ɗanɗana miki, kika ce mata, "Mai ɗanɗana mini ta yi nisa."

Ashe zobon ya gama haɗuwa tun kafin ki kira ni. Ashe hanyar da kika samu ke nan ki sa 'yar farinki ta tsaya kusa da ke, ki ba ta abu a baki da hannunki, ba tare da kowa ya ce Asabe ba ta da kunya ba. Ni kuma na yi shekara talatin ina ganin Rabi kika fi so. Ki yafe mini, Innata. Na zauna a bakin gado da waya a hannu na yi kukan da ban samu yi a kanki ba.

Na daina neman ɗanɗanon. Jiya na dafa tukunya guda, na sa kanwa, na tace, na tsaya a kicin da ludayi a hannu babu wanda zan miƙa wa. Na ɗanɗana da kaina. Ya yi daɗi, kuma na san abin da ya rage.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da haske. Allah Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara. Ya haɗa mu a inda babu nisa, ki ɗaga murya ki kira ni yadda kika saba, ba sai kin faɗi sunan ba, zan gane.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
wadda kike kira "Ke"